Baƙaƙen fata a kiɗan rock

Kiɗan rock ya tsiro ne a Amurka tsakanin ƙarshen shekarun 1940 da tsakiyar 1950, daga blues, wato kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka, da waƙoƙin cocinsu, haɗe da kiɗan country na Turawan karkara. Har zuwa 1949, mujallar Billboard tana jera faya-fayan baƙaƙe a ƙarƙashin sunan launin fata, kafin ta koma kiransu rhythm and blues.

Tushe

Yawancin waƙoƙin farko an gina su ne a kan zubin blues mai gaɓa 12. A kowane bugu huɗu, ƙaramar ganga tana ƙarfafa na biyu da na huɗu. Earl Palmer na New Orleans, wanda ya buga wa Little Richard ganga a "Tutti Frutti" a 1955, yana cikin waɗanda suka kafa wannan salon.

Tun a 1944 Sister Rosetta Tharpe, mawaƙiyar coci daga Arkansas, ta ɗauki "Strange Things Happening Every Day", kuma ta yi fice da jitar lantarki. Wasu na ganin wannan waƙar ce faifan rock na farko, wasu kuma sun fi ɗaukar "Rocket 88" ta 1951, sai dai masana ba su daidaita a kai ba. Ƙungiyar Ike Turner ce ta kaɗa ta a ɗakin ɗaukar sauti na Sam Phillips da ke Memphis, Jackie Brenston ya rera. An ce amfilifayar jitar ta lalace a hanya, aka cusa takarda a lasifikar, sautin ya fito da gurnani. Wannan lahanin ne makaɗa suka koma nema da gangan.

Chuck Berry ya fitar da "Maybellene" a kamfanin Chess na Chicago a 1955. Yakan kaɗa tsirkiya biyu a lokaci guda, salon da duk mai koyon jitar rock yake bi ta kansa.

Riba da suna

A wancan lokacin gidajen rediyo da dama ba sa sanya muryar baƙar fata, don haka kamfanoni sukan ba Bature waƙar ya maimaita. Big Mama Thornton ta fitar da "Hound Dog" a 1953, amma ta Elvis Presley ta 1956 duniya ta sani. "Tutti Frutti" ɗin Bature Pat Boone ma ta zarce ta Little Richard a jadawalin Billboard. A Ingila kuwa samari ba su ɓoye malamansu ba: ƙungiyar Rolling Stones daga waƙar 1950 ta Muddy Waters, mawaƙin blues baƙar fata, suka samo suna.

Jimi Hendrix

An haife shi a Seattle a 1942, amma sai da ya je Landan a 1966 ya shahara. Bahago ne, yakan juya jitar Fender Stratocaster ta na dama ya sake jera tsirkiyoyin. Yakan matsa kusa da lasifika har sauti ya koma cikin jitar ya yi kuwwa, abin da ma'aikatan sauti ke gudu, shi kuwa ya mai da shi kiɗa. Ya rasu a 1970 yana da shekara 27. Makaɗan Abzinawa na Nijar, Bombino da Mdou Moctar, ana yawan jin tasirinsa a hannunsu.

Daga baya

Kasuwa ta mayar da rock kiɗan Turawa, lamarin da ya sa Vernon Reid da Greg Tate da wasu suka kafa ƙungiyar baƙaƙen makaɗan rock mai suna Black Rock Coalition a New York a 1985. Da aka fara karramawar Rock and Roll Hall of Fame a 1986, shida daga cikin mawaƙa goman farko baƙaƙe ne. Tharpe kuwa sai a 2018 aka karrama ta.