A auna gona da waya kafin a sayi taki

Manomi zai ce gonarsa kadada ɗaya ce don abin da ya ji ke nan a bakin mahaifinsa, ya sayi taki da iri a kan wannan lissafi. Idan gonar ba ta kai ba, ya yi asarar kuɗi. Idan ta wuce, masara ta kwana da yunwa. A yawancin ƙasar masara ta Arewa, shawarar malaman gona ita ce buhu 8 na kamfa 15-15-15 da wajen buhu biyu da rabi na yuriya a kadada guda, sai iri kilo 20 zuwa 25. Kuskuren rabin kadada, buhu huɗu ne na kamfa.

Kadada murabba'in mita 10,000 ce, wato mita 100 a tsawo, 100 a faɗi. Eka ba ta kai rabin haka ba, kusan eka biyu da rabi ke yin kadada. A fara duba wanne awo manhajar awon fili ta waya ke nunawa, don nan mutane da dama ke tuntuɓe.

Wayar zamani na jin saƙon taurarin ɗan Adam na GPS, kuma sai ta samu aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Wannan ba ya cin data, saukar da manhajar awon fili da hoton taswira ne ke ci.

A kunna alamar wuri, a kashe tsarin tanadin batir, sannan a tsaya a fili minti biyu har lambar kuskuren da ke kan allo ta sauko ƙasa da mita 5. A riƙe wayar a hannu, ba a aljihu ba. A bi kan iyaka a ƙafa, sannu a hankali, a ɗan dakata a kowace kusurwa, a dawo daidai inda aka fara. Mai kewayawa a babur yanke kusurwa yake yi, gona ta ragu. Ƙarƙashin tsamiya ko ɗorawa, ko jikin katanga, saƙon yakan karkace, sai layi ya yi tsalle cikin gonar maƙwabci. A auna sau biyu. Idan bambancin ya wuce kashi ɗaya cikin goma, a sake.

Ƙaramin fili kuwa waya ba ta iya shi. Fadamar mita 20 da 20 murabba'in mita 400 ce, amma kuskuren mita 4 a tsawo da faɗi zai mai da ita 576. Nan igiya da tef sun fi.

Wasu masu ba da hayar tarakta ma sun koma awo da GPS. Kamfanin Hello Tractor na liƙa na'urar GPS a jikin tarakta, mai ita ya ga yawan filin da aka huɗe, don haka manomin da ya san awon gonarsa ciniki zai yi da lamba a hannu.

Rikicin iyaka ko rabon gado dai ba aikin waya ba ne. Wannan sai mai unguwa, dattawan da suka san iyakar, da ma'aikatan safiyo.