Yaƙe-yaƙen Hunawa da Daular Rum

Hunawa, ko mutanen Hun, makiyaya ne mahaya dawaki da suka ɓullo daga filayen gabashin kogin Volga wajen shekara ta 370 Miladiyya, kuma tun daga nan har zuwa 469 sunansu bai daina fitowa a labarin yaƙe-yaƙen Daular Rum ba. Yawanci in aka ambace su sarkinsu Atila kawai ake tunawa, wai ga azzalumin da ya zo rusa Rum. Amma in mutum ya bi labarin a tsanake zai ga zinare suke bi fiye da ƙasa, kuma su kansu Rumawan sun sha ɗaukar su haya su yi masu yaƙi.

Farkon haɗuwa

Da farko ba da Rumawa suka fara ba. Mutanen Alan suka fara murƙushewa, sai Goth da ke arewacin Bahar Aswad, waɗanda tsoro ya sa suka kwaso iyalansu suka tsallako kogin Danub a 376 suna neman mafaka a ƙasar Rum. Waɗannan 'yan gudun hijirar ne, bayan jami'an Rum sun gana masu azabar yunwa, suka yi tawaye har suka kashe sarki Valens a yaƙin Adrianople a 378. A 395 kuma Hunawa da kansu suka ratso duwatsun Kokasus suka yi ta ɓarna a Armeniya da Kapadokiya da Siriya.

Makaminsu babba baka ne da ake haɗawa da itace da ƙaho da jijiya, mai ƙarfin tsiya, suna harbi suna kan doki a guje, su watse kamar sun gudu sai kuma su juyo. Sojan ƙasa mai nauyin sulke ba ya iya cim masu.

Yau abokai, gobe abokan gaba

Sarkinsu Uldin shi ne misali mai kyau na yadda hulɗar take. A 400 ya kashe wani janar ɗan Goth mai suna Gainas da ya yi wa Rum tawaye, ya aika da kansa Konstantinoful (Istanbul ta yanzu), babban birnin Rum ta Gabas, don a lokacin daular ta rabu gida biyu, gabas da yamma, a 406 ya taimaki Stilicho, janar ɗin Rum ta Yamma, suka gama da rundunar wani sarkin Goth mai suna Radagaisus a Italiya, sai ga shi a 408 ya tsallako Danub yana yaƙar Rumawan da kansu. Da kuɗi suka saye mutanensa, suka watse suka bar shi.

A yamma kuwa akwai janar Aetius, wanda yana yaro aka ba da shi jingina ya zauna cikin Hunawa, ya san su ciki da bai. Da sojojinsu ya riƙe matsayinsa a fada, da su ne kuma aka tarwatsa masarautar Burgundi a bakin kogin Rhine wajen 436, aka kashe sarkinsu Gundahar. Wato shekaru kusan 20 Hunawa karnukan farautar Rum ta Yamma ne, Rum ta Gabas ce ke shan wuya.

Maganar zinare

Tun zamanin Rua, sarkin Hunawa, Konstantinoful ke biyan su laba 350 na zinare duk shekara (labar Rumawa ta kusa kashi ɗaya cikin uku na kilo). Da ya mutu a 434 'ya'yan ɗan'uwansa, Bleda da Atila, suka gaje shi, kuma a yarjejeniyar Margus (wani gari a bakin Danub), wadda aka ce a kan dawaki aka yi ta don Hunawan sun ƙi sauka, aka ninka harajin ya koma laba 700, da sharaɗin a dawo masu da duk wanda ya gudu daga hannunsu. Wannan maganar 'yan gudun hijira Atila bai taɓa wasa da ita ba, don ya san duk basaraken da ya tsere wajen Rumawa gobe da shi za a yaƙe shi.

A 441 sai ga dama ta samu, sojojin gabas sun tafi Sisili saboda mutanen Vandal da suka ƙwace birnin Carthage a Arewacin Afirka. Hunawa suka ce ai bishop ɗin Margus ya tsallako ya tone kaburburan sarakunansu ya sace dukiya, suka afka wa garuruwan bakin Danub. Shi bishop ɗin da ya ga za a miƙa shi, sai ya riga su, ya je ya shirya da Hunawa ya buɗe masu ƙofar garinsa. Viminacium ta faɗi, Singidunum da yanzu ake kira Belgrade ta faɗi, Sirmium ma haka. Abun da ya girgiza Rumawa shi ne makiyayan nan yanzu sun iya cin gari mai ganuwa, suna da gungumen fasa bango da tsani da hasumiyar katako mai ƙafafu. Naissus, garin da aka haifi sarki Konstantin, kufai ya koma, har marubucin tarihi Priscus, wanda ya bi ta wurin cikin tawagar jakadu a 449, ya ce sai da suka nemi wurin kafa tanti nesa da kogi saboda ƙasusuwan mutane sun cika gaɓar.

Wajen 445 Atila ya kashe Bleda ya riƙe mulki shi kaɗai. A watan Janairun 447 girgizar ƙasa ta zubar da hasumiya 57 na ganuwar Konstantinoful, mutanen birni suka tashi dare da rana suka gyara cikin kwana 60. Atila ya ci yaƙi a kogin Utus inda janar Arnegisclus ya mutu, rundunarsa ta gangara har Thermopylae a Girka, amma babban birnin kam bai taɓu ba. Sulhun da ya biyo baya ya yi tsada: laba 6,000 na bashin baya, sannan laba 2,100 duk shekara.

Tawagar 449 ɗin nan ma da ƙulli a cikinta, don wani babban bafaden Konstantinoful mai suna Chrysaphius ya yi wa Edeco, na hannun daman Atila, alkawarin zinare ya kashe ubangidansa, shi kuwa yana isa gida ya tona. Priscus ya ci abinci a fadar, ya ga baƙi na ci a farantan azurfa, Atila kuwa nama kawai yake ci a akushi, kofinsa ma na itace. Zinaren dai ba don kansa yake tarawa ba, da shi yake riƙe sarakunan Gepid da Goth da sauran da ke ƙarƙashinsa, ranar da ya daina shigowa kuwa akwai matsala.

Juyawa yamma

A 450 sarkin gabas Theodosius na biyu ya faɗo daga doki ya mutu, magajinsa Marcian ya ce ba zai ƙara biyan ko sisi ba. A daidai lokacin Honoria, 'yar'uwar sarkin yamma Valentinian na uku, da ake shirin yi wa auren dole, ta aika wa Atila zobenta tana neman ya cece ta, shi kuma ya ce ai wannan baiko ne, a ba shi matarsa haɗe da rabin daular.

A 451 ya shiga Gaul, wato Faransa ta yau, Metz ta faɗi a watan Afrilu, ya yi wa Orléans ƙawanya. Wanda ya fito tare shi kuwa tsohon abokinsu ne Aetius, ya haɗo Rumawa da Visigoth (wani reshen Goth) na sarki Theodoric da Alan da Frank da Burgundi. A watan Yuni aka gwabza a filayen Catalaunia, kuma abun mamaki Goth ne a wannan ɓangaren Goth ne a wancan. Theodoric ya mutu a fagen, Atila ya koma cikin da'irar amalankensa, har an ce ya sa an tara sirada don a cinna wuta ya faɗa ciki in aka shigo, da dai a kama shi da rai. Aetius bai matsa ba, ya bar shi ya tafi, kuma tun a da ana zargin da gangan ya yi don kar Visigoth su rasa wanda suke tsoro.

Shekara na zagayowa sai Italiya. Garin Aquileia ya yi wata 3 yana turjiya har sojojinsa suka fara gunaguni, labarin da ake bayarwa wai Atila ya hango shamuwa na kwashe 'ya'yanta daga garin ya ce alama ce ta faɗuwa. Garin ya faɗi kuwa, aka rusa shi, Milan da Pavia suka bi baya. A bakin kogin Mincio tawagar da Paparoma Leo na ɗaya ke ciki ta same shi, ya juya. Coci ta daɗe tana ɗaukar wannan a matsayin karama, sai dai a lokacin akwai yunwa a Italiya, annoba ta shiga rundunarsa, ga kuma sojojin Marcian sun tsallaka Danub suna kai hari can gidansa.

A 453, daren da ya auri wata yarinya Ildico, ya sha giya ya kwanta, haɓo ya ɓalle masa jinin ya shaƙe shi, da safe aka tarar da amarya na kuka a gefen gawa. 'Ya'yansa suka hau rigimar gado, Ardaric sarkin Gepid ya jagoranci tawaye, a yaƙin Nedao wajen 454 aka kashe babban ɗan, Ellac. Wani ɗan nasa, Dengizich, ya sake gwada Rum ta Gabas yana neman ƙasa da kuɗi, a 469 aka kawo kansa Konstantinoful aka kafa a kan sanda jama'a suna zuwa kallo.