Wa ke duba mai jinya?

Idan hatsarin kabu-kabu ko na mota ya taɓa ƙwaƙwalwar magidanci a Maradi, asibiti kan sallame shi bayan ƴan makonni. Daga nan nauyin yakan faɗa kan mace guda: matarsa, mahaifiyarsa ko ƙanwarsa.

Mun je dubiya, mun yi mata sannu. Me ya rage?

Ya rage da yawa. Wanda ba ya iya motsi sai ana juya shi kamar kowace awa 2, dare da rana. In ba haka ba gyambo zai ɓulla a ƙugunsa da dugadugansa, ga zufar bazara tana ƙara cin fata. Ba mai iya wannan shi kaɗai. Dangi su zauna su raba kwana: wane Litinin, wance Talata, ƙannensa maza su ɗauki wanka da ɗagawa. Abin da ke damuna shi ne makon farko gida cike da jama'a, bayan wata 2 sai ka iske baiwar Allah ita kaɗai da bokiti. Maimakon "ya mai jiki?" kawai, ku ce: "Yaya, je ki kwanta, ina nan har la'asar."

Ya koma zagi da saurin fushi. Iska ce ta shige shi?

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da haƙuri da kunya. In ya ji rauni hali yakan canza, har mutum ya zagi wadda ke share masa jiki. A ci gaba da addu'a, kada kuma a ajiye maganin likita. Ita ma a faɗa mata a fili cewa ba laifinta ba ne, kada dangin miji su ce ba ta iya riƙo ba.

In ya fara jijjiga fa?

A kwantar da shi ta gefe. Kada a sa masa cokali ko ruwa a baki. In ta wuce minti 5, sai asibiti.

Yana yawan sarƙewa in ana ba shi abinci.

A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, ya ƙara kamar minti 30 a zaune. Kunu mai kauri yakan fi ruwa zalla sauƙin haɗiya. Tari da zazzaɓi bayan haka na iya nuna abinci ya shiga huhu, a kai shi likita ranar.

Ni ina nesa, me zan yi?

Jika 5 (sefa dubu 5) kowane wata, a kan lokaci, ta fi kyauta babba sau guda. Ka kira matar da ke jinyarsa, ka tambayi lafiyarta ita kanta, ka ji ko ta samu barci jiya.