DCIM

DCIM suna ne na foldar da kyamarori da wayoyin salula ke ajiye hotuna da bidiyon da suka ɗauka. Haruffan gajartawa ce ta kalmomin Turanci Digital Camera Images, wato hotunan kyamarar dijital.

Tarihi

Sunan ya girmi wayoyin zamani. A shekarun 1990 kamfanonin kyamara kowa da yadda yake jera fayiloli, har katin memorin da aka ciro daga wata kyamara ya kasa buɗewa a wata. Ƙungiyar JEIDA ta masana'antun lantarki a Japan, wadda ta fitar da Exif, tsarin adana bayanan hoto a cikin fayilinsa, wajen 1995, ita ce ta kafa DCF, ƙa'idar jera fayilolin kyamara, a ƙarshen 1998. An sabunta ta a 2003 a hannun JEITA, ƙungiyar da ta gaji JEIDA a 2000.

Ƙa'idar ta tanadi cewa a samu folda mai suna DCIM a farkon kati, a cikinta kuma ƙananan foldoji masu lamba uku, daga 100 zuwa 999, da haruffa biyar a bayansu, kamar 100CANON ko 100APPLE. Sunan hoto shi ma haruffa huɗu ne da lamba huɗu, daga 0001 zuwa 9999, kamar IMG_0001.JPG. Gajartar sunayen ta samo asali ne daga FAT, tsarin ajiye fayiloli a kati, wanda a asalinsa bai yarda suna ya wuce haruffa takwas ba. Wannan ƙaramar yarjejeniya ta yi amfani ƙwarai, domin albarkacinta ne kwamfuta ke gane inda hotuna suke da zarar an jona mata waya.

A Android

Hotunan kyamara suna zama ne a foldar Camera da ke cikin DCIM, a ma'adanar waya ko a katin memori, gwargwadon saitin da aka zaɓa. Android ba ta bin ƙa'idar sau da ƙafa, don yawanci kwanan wata da lokaci take sa wa hoto a matsayin suna. Hoton fuskar waya yakan tafi foldar Screenshots, a cikin Pictures ko, a wayoyin Samsung, cikin DCIM. Galari ba ma'adana ba ce: manhaja ce da ke tattaro hotuna daga foldoji dabam-dabam ta nuna su wuri guda, kuma takan tsallake duk foldar da ke ɗauke da fayil mai suna .nomedia.

Hotunan WhatsApp ba sa shiga DCIM. Bayan Android 11, wadda ta fito a 2020 ta taƙaita wa manhajoji shiga ma'adana, an mayar da su cikin foldar media da ke ƙarƙashin foldar Android, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗauka hotunansu sun ɓata.

A iPhone

Ba a ganin DCIM sai an jona wayar da kwamfuta ta kebul. Tun iOS 11 a 2017, tsarin ajiye hoto na HEIC ne yake zuwa a saite maimakon JPEG.