Mene ne raguwar yawan al'umma, kuma me ya haɗa ta da ƙarfin sojan Rasha?

Idan aka ce ƙasa tana fama da raguwar yawan al'umma, ana nufin waɗanda ke mutuwa a shekara sun fi waɗanda ake haifa, baƙin da ke shigowa kuma ba su kai su cike giɓin ba. Masana ƙidaya suna da ma'aunin da suke aiki da shi: kafin jama'a su tsaya cik, ba ƙari ba ragi, sai kowace mace ta haifi 'ya'ya 2.1 a matsakaici tsawon rayuwarta. Biyu su maye gurbin uwa da uba, ɗan abin da ya hau kai kuma ya cike gurbin waɗanda ba za su rayu har su haihu ba. Ƙasar da ta daɗe ba ta kai wannan adadi ba, ko ba daɗe ko ba jima za ta fara tsukewa. Ga mai karatu a Maraɗi ko Katsina maganar za ta zo bambaraƙwai, domin Nijar na sahun gaba a duniya wajen haihuwa. Amma a Mosko da Bejin da Tokyo, batu ne da hafsoshin soja ke zama a kansa.

Abin da ke damun hafsan soja ba jimillar mutanen ƙasa ba ce. Abin da yake dubawa shi ne samari nawa za su cika shekara 18 bana, nawa baɗi. Wannan adadi kuwa an riga an yanke shi shekara 18 da suka wuce a ɗakunan haihuwa, kuma babu dokar da za ta ƙara masa ko mutum ɗaya. Ana iya odar tankar yaƙi a ƙera ta cikin watanni, amma kurtun da za a ɗauka a 2040 in ba a haife shi zuwa 2022 ba, to babu shi. Shi ya sa matsalar ke yaudarar masu mulki: a shekarar da haihuwa ta faɗi bariki cike yake, sai bayan kusan shekara 20 ake jin raɗaɗin.

Rasha ce ta fi nuna wannan a fili, kuma tushen nata ciwon yana Yaƙin Duniya na Biyu, inda Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum kusan miliyan 27, mafi yawansu maza. 'Ya'yan da aka haifa a shekarun yaƙin kaɗan ne. Da suka girma a ƙarshen shekarun 1960 sai suka haifi kaɗan, saboda su kansu ba su da yawa. Waɗannan kuma suka isa aure a shekarun 1990, daidai lokacin da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, albashi ya tsaya, kuɗin ajiyar mutane ya zama takarda. Masifa biyu suka haɗu a kan zuriya ɗaya. A 1987 an haifi jarirai kusan miliyan 2.5 a Rasha. A 1999 an haifi miliyan 1.2, wato rabi. Tun 1992 mutuwa ta fara rinjayar haihuwa, kuma a 1994 matsakaicin tsawon ran namiji bai kai shekara 58 ba, giya da ciwon zuciya da haɗurra suna ta ɗiba. To waɗancan 'yan ƙalilan da aka haifa a ƙarshen 1990 da farkon 2000 su ne yau ake so su yi yaƙi a Yukren, su ne ake so su riƙe masana'antu, su ne kuma ake so su haihu. A 2024 haihuwa ta sake komawa wajen miliyan 1.2. Rasha tana da mutum kusan miliyan 146 yanzu, ƙasa da miliyan 148 na farkon 1990, duk da cewa an haɗa da mutanen Kirimiya da ta ƙwace a 2014, da miliyoyin baƙin da suka shigo a tsakani.

Duba yadda aka yi ta neman sojoji tun Fabrairun 2022, lokacin da Rasha ta afka wa Yukren, za ka ga ƙarancin a kowane mataki. A ranar 21 ga Satumba 2022 Vladimir Putin ya ba da umarnin kiran dakarun ko-ta-kwana, aka ce mutum 300,000 ake nema. Cikin makonni dubban ɗaruruwan maza suka tsallaka zuwa Jojiya da Kazakistan da wasu ƙasashe, da yawansu masu ilimi da sana'a, wato ƙasar ta yi asarar irin mutanen da ta fi buƙata. Fadar Kremlin ta ji jiki, ba ta sake maimaita irin wannan kira ba. Sai aka koma wasu hanyoyi. Kamfanin sojan haya na Wagner ya shiga gidajen yari yana ɗibar fursunoni da alkawarin yafiya bayan wata shida a fagen daga. Daga farkon 2024 an ɗaga iyakar shekarun aikin soja na dole daga 27 zuwa 30. Aka buɗe bakin jaka: a 2024 birnin Mosko ya sa ruble miliyan 1.9, kuɗin Rasha, ga duk wanda ya sa hannu a kwantiragin soja, kafin ma a zo batun albashi. A ƙarshen shekarar kuma sojojin Koriya ta Arewa suka bayyana a yankin Kursk na Rasha, a kan iyaka da Yukren. Ƙasar da ta taɓa tara runduna ta miliyoyin mutane ta kori Hitler, yau ga ta tana aron dakaru daga Pyongyang.

A nan ne lamarin ya taɓa mu kai tsaye. Masu ɗaukar aiki sun bazu har Nepal da Indiya da Kyuba da ƙasashen Afirka, kuma gwamnatocin Kenya da Afirka ta Kudu sun fito fili sun ce an yaudari 'yan ƙasarsu da sunan aiki, suka tsinci kansu a yaƙi. An kuma kai 'yan mata daga Afirka yankin masana'antu na Alabuga a Tatarstan, inda ake haɗa jirage marasa matuƙa. Duk saurayin da aka yi wa tayin aikin gadi ko gini a Rasha da albashin da ya wuce hankali, ya san cewa giɓin samarin can ake son cikewa da shi.

Kowane saurayi da ya sa kaki, an cire shi ne daga wani wurin. A 2024 rashin aikin yi a Rasha ya sauka zuwa wajen kashi 2.3 cikin ɗari. Wani zai ce ai abin murna ne, amma a irin wannan hali alama ce ta cewa ma'aikata sun ƙare. Masana'antar makamai na neman masu walda, gonaki na neman direbobi, soja na neman kowa, sai albashi ya yi ta hawa, farashin kaya ya bi shi. Babban bankin ƙasar ƙarƙashin Elvira Nabiullina, wadda ta sha ambaton ƙarancin ma'aikata, ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 21 a Oktoban 2024. Duk da haka a Satumban shekarar Putin ya sa hannu a dokar ƙara yawan sojoji zuwa miliyan 1.5. Sa hannu a takarda ba wuya, samo mutanen ne aikin.

Ta fuskar zaman lafiyar cikin gida, a ganina fansho ya fi bindiga haɗari ga gwamnati. Idan tsofaffi suka yi yawa, masu biyan haraji suka ragu, dole a zaɓa tsakanin kuɗin makamai da kuɗin tsofaffi. A Yunin 2018, ranar da aka buɗe gasar cin kofin duniya a Mosko, gwamnati ta sanar da ƙara shekarun ritaya, tana fatan hayaniyar ƙwallo za ta rufe zancen. Ba ta rufe ba. An yi zanga-zanga a birane da dama, farin jinin Putin ya faɗi sosai, har sai da ya fito a talabijin ya sassauta wa mata. A ƙarshe maza suka tashi daga 60 zuwa 65, mata daga 55 zuwa 60.

Sai batun wane ne ke mutuwa. Raguwar ba daidai take a ko'ina ba: yankunan Checheniya da Tuva suna haihuwa fiye da tsakiyar Rasha, yankunan talakawa irin su Tuva da Buryatiya kuma sun ba da gawarwaki fiye da kasonsu idan aka kwatanta da Mosko. Lokacin kiran dakaru na 2022 mata sun fito kan titi a Makhachkala, babban birnin yankin Dagestan, suna zanga-zanga. Baƙi daga Uzbekistan da Tajikistan da Kirgistan su ke riƙe da gine-gine da tasi da shara a manyan birane, amma bayan harin da aka kai zauren wasanni na Crocus kusa da Mosko a Maris 2024, wanda ya kashe fiye da mutum 140, aka shiga kame da korarsu. Tattalin arziki na kiransu, siyasa na korarsu. Yankin Gabas Mai Nisa kuwa, wanda ya kai kusan kashi 40 na faɗin ƙasar, mutum wajen miliyan 8 kacal ke cikinsa, har gwamnati ta fara raba hekta ɗaya kyauta a 2016 don jawo mazauna.

Ba Rasha ce ta fara shiga wannan hali ba. Faransa ta riga makwabtanta rage haihuwa tun ƙarni na 19, ta shiga yaƙin 1914 da mutum kusan miliyan 40 alhali Jamus ta haura miliyan 60, ta kuma rasa sojoji wajen miliyan 1.4. Hafsoshinta sun san cewa daga 1935 kurata za su yi ƙaranci saboda ba a haihu sosai a shekarun yaƙi ba. Wannan lissafi na cikin dalilan gina katangar Maginot a kan iyakar Faransa da Jamus, don siminti da ƙarfe su tsaya inda babu mutum. A 1940 Jamusawa suka zagaye ta. Yau ma ana ganin irin haka a gabashin Asiya. A Koriya ta Kudu haihuwa ta faɗo zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, sojojinta sun ragu zuwa wajen 450,000. Japan ta ɗaga shekarun shiga soja daga 26 zuwa 32 a 2018, amma a 2023 kusan rabin waɗanda take nema ta samu. Ƙasar Sin ta fara raguwa a 2022, karon farko tun 1961, kuma galibin sojojinta 'ya'yan tilo ne, gadon dokar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015. Iyayen da ɗansu ɗaya tal ba kamar masu biyar suke kallon yaƙi ba.

Kada dai a ɗauka raguwar jama'a na nufin babbar ƙasa ta gama yawo. Hausawa kan ce yawa shi kan sa zare ya ja dutse, amma yawa kaɗai bai taɓa zama ƙarfin soja ba. Da haka ne da Najeriya, mai mutum fiye da miliyan 200, ta fi Rasha ƙarfi. Makaman nukiliyar Rasha ba sa buƙatar miliyoyin samari, jirage marasa matuƙa kuma sun rage yawan mutanen da ake bukata don tsare fagen daga, ko da yake riƙe garin da aka ci har yanzu sai da ƙafar soja. Sannan lissafin na kwatance ne. Yukren ta fi Rasha shiga uku a wannan fanni: daga mutum miliyan 52 a farkon 1990 ta yi ƙasa sosai, miliyoyi sun yi gudun hijira, kuma sai a Afrilun 2024 ta rage shekarun kiran dole daga 27 zuwa 25, ta ƙi sauka zuwa 18 duk da matsin Amurka, don tsoron ƙarar da 'yan samarin da suka rage. Ƙasa mai raguwa tana iya cin wadda ta fi ta raguwa. Akwai ma masu ganin cewa shugaban da ya san gobe samarinsa za su fi na yau ƙaranci ya fi saurin ɗaukar kasada, kuma ban ga dalilin watsi da wannan ra'ayi ba.

Gwamnatin Rasha ta daɗe tana neman magani. A jawabinsa na 2006 Putin ya sa batun a gaban sauran matsalolin ƙasa, a 2007 aka fara ba uwar da ta haifi ɗa na biyu tallafin ruble 250,000. Haihuwa ta ɗan farfaɗo zuwa kusan 1.8 ga kowace mace a 2015, sannan ta koma wajen 1.4. A 2022 aka dawo da lambar girmamawa ta zamanin Stalin ga uwa mai 'ya'ya 10, haɗe da ruble miliyan 1, a 2024 kuma aka yi dokar hukunta masu yaɗa ra'ayin ƙin haihuwa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar, Rosstat, ta yi hasashe a 2023 cewa zuwa 2046 jama'ar Rasha za su sauka zuwa wajen miliyan 139. A 2025 kuma hukumar ta daina fitar da alƙaluman haihuwa da mutuwa na wata-wata da ta saba bugawa.