Tuƙa keke a ɗaki da bidiyo: tambayoyi da amsoshi daga Birnin Kebbi

Wane irin bidiyo ake nufi?

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wanda koci ke zaune kan kekensa na motsa jiki, wanda ke kafe wuri ɗaya, yana ba da umarni: a sassauta, a ƙara wa feda nauyi, a miƙe tsaye na daƙiƙa 30. Akwai kuma wanda aka ɗauki hoton hanya daga kan keke, kana kallo kamar kai ne ke hawan tsaunukan Faransa. Salon kocin ya samo asali ne daga Johnny Goldberg, ɗan tseren keke haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya fara koyar da shi a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1980. Daga baya kamfanin Peloton, da aka kafa a 2012, da manhajar Zwift, da ta fito a 2014, suka mayar da abin na biyan kuɗi duk wata. Mai farawa ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu, don tashar masu keke ta GCN a YouTube tana da atisaye na kyauta.

Ga titi, me zai sa mutum ya kulle kansa a ɗaki?

Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi kan wuce digiri 40. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ƙirji, ga 'yan kabu-kabu da ke cika hanya. Amma dalilin da ya fi min nauyi shi ne mata. Matar aure a nan ba za ta hau keke ta zaga gari ba, kuma hawan jini da ciwon suga ba sa tambayar wa ke fita wa ke zaune a gida. Keke ɗaya a lungun ɗaki zai yi wa uwargida, maigida da manyan yara aiki, kowa a lokacinsa, cikin sutura da natsuwa.

Da gaske bidiyo yana ƙara ƙwazo?

Yana ƙarawa. Abin da ke korar mutane daga keken ɗaki gundura ce, ba gajiya ba. Koci yana riƙe maka lokaci, ya yanka minti 30 zuwa gutsattsari na minti biyu ko uku, sai ka ga ka gama ba ka tsaya kallon agogo ba. Sai dai bidiyo ba zai tashe ka daga katifa ba. Tsayar da lokaci ɗaya, misali bayan sallar Asuba, ka riƙe shi.

Minti nawa ya wadatar?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Minti 30 sau biyar ya kai ka. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 15 sau uku. Idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa ba, kana kan matsakaici.

Dole ne in bi duk abin da koci ya ce?

A'a, kuma wannan ce amsar da nake so a riƙe. Kocin nan yana ɗaki mai na'urar sanyi, bai san ɗakinka rufin kwano ne ba. A titi iska ce ke busar da gumi ta sanyaya jiki, a ɗaki kuwa babu ita, sai zafi ya taru. Kunna fanka ta fuskance ka, buɗe taga, ajiye ruwa kusa kana kurɓa. In ya ce a ƙara nauyi kai kuma numfashi ya gagare ka, rage abinka.

Likitoci sun ga waɗanda suka matsa wa kansu a ranar farko har tsokar cinya ta lalace ta taɓa ƙoda. Alamarsa ciwon cinya mai tsanani da kumburi, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Wannan na asibiti ne nan take. Haka ciwon ƙirji ko jiri: sauka daga keke. Mai hawan jini, mai ciwon suga ko na zuciya, da mai juna biyu, su fara ganin likita.

Gwiwa na ciwo, laifin keke ne?

Yawanci sirdi ne ya yi ƙasa. Ɗaga shi har ya zama idan feda ta sauka ƙasa gwiwarka ta ɗan lanƙwashe kaɗan, ba ta miƙe sambal ba. Kada kuma ka yi gudu ba nauyi ko kaɗan, ƙafa na wulwulawa.

Data da wuta fa?

Sauke bidiyo biyu ko uku a waya, ka riƙa maimaita su. Muryar koci da agogonsa kake bukata, hoto mara nauyi ya isa.

Da azumi a daina ke nan?

Ba sai an daina ba, a rage dai. Tuƙa a hankali na minti 15 zuwa 20 bayan an sha ruwa abinci ya lafa, ko bayan Tarawihi. Bidiyoyin gudu mai tsanani a bar su sai bayan Sallah.