Ƙanƙarar nan da ɗiyanmu ke ɗaukar hoto a kanta

Jama'a sallama. Jiya wurin awo wata baiwar Allah ta nuna min hoton ɗanta a WhatsApp, yana tsaye cikin dusar ƙanƙara har gwiwa bisa duwatsun Alp tsakanin Italiya da Faransa, tana ta murna wai kamar auduga. Na ce mata Hajiya a dai yi mishi addu'a, amma a kuma ja mishi kunne.

Mu nan Maradi sanyinmu na hunturu ne, da rigar sanyi da garwashi an gama. Can abin da ke kashe mutane har da zaftarewar ƙanƙara, wadda Faransawa ke ce ma abalanshi, a Alp kaɗai kusan mutum 100 take ci kowace shekara.

Kun san yadda gaɓar gulbi take da damina, sama ƙasa ta yi tauri, ƙarƙashi kuma yashi ne ruwa ya cinye, mai ɗibar yashi na takawa sai ta rufta da shi? To haka take. Ƙanƙara hawa-hawa take kwanciya, ta yau bisa ta makon jiya, wani hawan ya daskare wani kuma garas-garas kamar sukari, ido ba ya ganin shi, in mai tauri ya zauna bisa mai garas ɗin nan to nauyin mutum guda ya isa ya tsinke shi, gangaren duka ya taho. Mafi yawan waɗanda ta binne, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita da ƙafarsu.

Gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45 shi ne mugun wuri, ballantana in sabuwa ta zubo kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, ko iska ta tara ta gefe guda, ko rana ta yi ɗumi kwatsam. In ka ji ƙasa ta yi "wuf" ƙarƙashinka ko ka ga tsaga tana gudu daga ƙafarka, malam juya. Ƙasashen Turai suna auna haɗarin daga 1 zuwa 5, Météo-France, hukumar yanayi ta Faransa, na fidda sanarwa kullum lokacin sanyi, kuma kar 3 ta ruɗe ku wai tsaka-tsaki ce, a nan aka fi mutuwa.

Su masu wurin ba su hawa sai da na'urar neman wanda ya binnu da sandar caka da shebur. Namu kuwa da takalmin kanti, wani lokaci cikin dare.

In ƙanƙarar ta rufe wani, minti 15 na farko su ne komai, bayan rabin awa mafi yawa numfashi ya ƙare, don da ta tsaya sai ta ƙame kamar siminti, ko yatsa mutum ba ya iya motsawa. A kira 112, lambar agajin gaggawa ta Turai, kyauta ce, amma kar a zauna jiran masu ceto. A lura da inda aka gan shi ƙarshe, a tona daga gangaren wurin, a fara buɗe mishi baki da hanci.